Kafin a raba tallafin jawo kamfanoni, a duba me ya kashe na da

Jama'a duk sanda na ji ana maganar gwamnati za ta ba kamfanoni tallafi ko ta ɗauke musu haraji don su zo su kafa masana'anta a jihar nan ta Kaduna, ni dai ina goyon baya, amma fa da sharaɗi.

Zariya mun san da me take motsi, albashi ne da ɗalibai. ABU, Nuhu Bamalli, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, asibitin Shika, sai barikin soja. Duk wanda yake Samaru ko Kongo a 2022 da ASUU ta yi wata takwas tana yajin aiki ya gani da idonsa, masu fotokofi sun kulle shago, ɗakunan haya duk kwaɗo a ƙofa, mai shayi yana soya ƙwan da bai kai rabin kiret ba a wuni, 'yan keke sun jeru a inuwa suna gyangyaɗi. Gari kamar Zariya a ce cinikinsa ya rataya da ko an buɗe makaranta ko ba a buɗe ba? Don haka maganar masana'anta ba ta musu ba ce.

Matsalata ita ce yadda ake zaton kuɗi kawai ke riƙe kamfani. Ku je Kakuri, unguwar masaƙu a Kaduna, ku gani. Masaƙar KTL tun 1957 take saƙa, ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta biyo baya a 2007. Gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu, to ina Kakurin take yau? Ai abin da ya kashe su ba a taɓa shi ba, babu wuta, man injin ya yi tsada, ga atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa a farashin da ba wanda zai iya gogayya da shi. Zuba ruwa a kwando kenan.

Shi kuma hutun haraji, irin wanda aka daɗe ana yi a baya na shekara 3 a ƙara maka 2, sai ka ci riba yake da amfani. Wanda yake ƙona dizal a janareto safe da yamma, ko yake biyan kuɗin wuta na Band A (rukunin da aka fi ba wuta) da aka ƙara zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, wace riba ya ci balle a yafe masa harajinta?

Olam da ta buɗe kamfanin abincin kaji da ƙyanƙyasa a Kaduna a 2017, a ganina masara da waken suya ta biyo, tunda nan ake noma su. Mu kuma ga cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru tana fitar da iri, ga cibiyar fata ta NILEST, ga masara daga Giwa da Soba da Makarfi ana lodinta a tirela ɗanya ana wucewa da ita kudu.

In da za a ji ta tawa, kuɗin tallafin a fara kai shi kan wuta tsayayya a unguwannin masana'antu na Dakace da Chikaji, a kuma matsa a ja gas ɗin bututun AKK (Ajaokuta-Kaduna-Kano) zuwa wurin in an gama shi. Kamfani kuma kada a ba shi ko sisi ranar yanka kirtani da ɗaukar hoto, sai an je an ƙirga ma'aikatansa da ke karɓar albashi wata-wata. Wanda aka ba fili ya zagaye da katanga ya tafi, a ƙwace (mun san irinsu, ciyawa ce kawai ke aiki a ciki).

Sannan a tuna da na gida. Masu aikin babbar riga a cikin birni, masu casar shinkafa, masu matsar man gyaɗa, wani da yara goma a ƙarƙashinsa kuma ba gudu zai yi ba in hutun haraji ya ƙare. Yawancinsu ko fom ɗin tallafin ba sa jin labarinsa sai an rufe karɓa.