Badaƙalar Epstein: Gwamnatin Amurka Ce Ta Shuka Rashin Yarda Da Hannunta

Jama'a, duk mai bibiyar maganar Jeffrey Epstein, attajirin Amurka da aka tuhuma da lalata da safarar ƙananan yara mata, ya san cewa yau a Amurka, komai ma'aikatar shari'a ta faɗa a kan wannan badaƙala, miliyoyin mutane ba za su gaskata ba. Wasu na ɗora laifin kan jita-jitar intanet. Ni ban yarda ba. Gwamnati ce ta shuka wannan rashin yarda, kuma ana iya nuna inda ta shuka shi, shekara da wata.

Tushen abin yana Fulorida. A 2005 iyayen wata yarinya 'yar shekara 14 suka kai ƙara wurin 'yan sandan Palm Beach. Bincike ya tono yara mata da dama da ake kai wa gidan attajirin da sunan tausa, a biya su daloli ɗari biyu ko uku, a ƙara wa wadda ta kawo ƙawarta. Lauyoyin gwamnatin tarayya har sun rubuta daftarin tuhuma mai shafi 53. Ba a taɓa shigar da shi kotu ba. A Satumban 2007, ofishin mai gabatar da ƙara Alexander Acosta ya ƙulla yarjejeniya da lauyoyin Epstein cewa tarayya za ta janye, shi kuma ya amsa ƙananan laifuka biyu a kotun jiha. A 2008 aka yanke masa wata 18, ya yi kusan 13, kuma a cikinsu ana barinsa ya fita zuwa ofishinsa har awa 12 a rana, kwana shida a mako.

Abu biyu a cikin yarjejeniyar nan sun fi ɗaurin kansa muni. Ta ba da kariya ga duk wanda ka iya zama abokin laifinsa, har waɗanda ba a ambaci sunansu ba. Sannan an ɓoye ta ga yaran da aka zalunta, alhali dokar Amurka ta 2004 ta ba wanda aka yi wa laifi haƙƙin a tuntuɓe shi. A Fabrairun 2019 alƙali Kenneth Marra ya yanke cewa masu gabatar da ƙara sun taka wannan doka. Da 'yar jarida Julie Brown ta Miami Herald ba ta tono zancen a ƙarshen 2018 ba, da wuya a sake kama shi a Yulin 2019. Wanda ya ga an rufe masa ido shekara goma sha ɗaya, da wane dalili zai karɓi maganar hukuma ba hujja?

Sai mutuwarsa ranar 10 ga Agusta, 2019, a gidan yarin tarayya na Manhattan. Likitan binciken gawa ya ce rataye kansa ya yi, rahoton Sufeto Janar na ma'aikatar shari'a, wato mai binciken cikin gida na ma'aikatar, na Yunin 2023 ma ya tsaya a kan haka. To amma a duba abin da rahoton da takardun kotu suka lissafa. Mutum ne da aka tarar da rauni a wuya ranar 23 ga Yuli, aka ce kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki. Ranar 9 ga Agusta aka ɗauke abokin ɗakinsa, ba a kawo wani ba. Ƙa'ida ita ce gandiroba ya leƙa kowane ɗaki duk minti 30 ya sa hannu a takarda. Gandirobobi biyun da ke bakin aiki, teburinsu ƙafa goma sha biyar kacal daga ƙofarsa, sun kwana suna gyangyaɗi da duba farashin kujeru da babura a kwamfuta, suka cike takardar kamar sun zagaya. Daga wajen goma da rabi na dare ba wanda ya leƙa shi sai wajen shida da rabi na safe. Na'urar naɗar hotunan kyamarori da yawa kuma ta lalace tun ƙarshen Yuli ba a gyara ba. Sakaci na iya bayyana kowanne daga cikin waɗannan, kuma ni a nan na fi karkata. Sai dai hukumar da ta bar su suka haɗu a dare ɗaya, kan fursunan da ya fi kowa muhimmanci a hannunta, ba ta da bakin zargin mai shakka.

A 2025 aka ƙara wa wutar fetur. A Fabrairu aka tambayi ministar shari'a Pam Bondi kan jerin abokan hulɗar Epstein, ta amsa da cewa yana kan teburinta tana dubawa. A Yuli sai ga takarda mai shafi biyu daga ma'aikatar shari'a, ba sa hannun kowa, tana cewa babu wani jeri, kuma ba za a ƙara fitar da komai ba. Takardar da kanta ta ce waɗanda aka cutar sun haura dubu. Aka haɗa da bidiyon kusan awa 11 da aka kira ɗanye, masu duba shi suka tarar agogon jikinsa ya tsallake minti guda daf da sha biyun dare, bayanan cikin fayil ɗin kuma suka nuna ya bi ta manhajar tace bidiyo.

Nan ne nake son mu fahimci yadda ake fitar da shaida idan da gaske ake. Fayil na asali ake kwafowa kai tsaye daga na'urar, a fitar da lambar tantancewarsa, wadda ko ɗigo aka taɓa a ciki sai ta sauya, a wallafa ta tare da takardar da ke nuna hannun da fayil ɗin ya bi tun daga ranar da aka ɗauko shi. In an haɗa gutsure biyu ko an ƙara haske, a faɗa tun kafin a tambaya. Mintin nan da ya ɓace a bidiyon daga baya ya fito cikin abin da kwamitin majalisa ya saki, kuma ba wani abin a zo a gani a ciki. Ɓarnar dai ta riga ta auku.

Majalisa ce ta tilasta sauran. A Nuwamban 2025 majalisar wakilai ta amince da dokar fitar da takardun da ƙuri'a 427, mutum ɗaya ya ƙi, Shugaba Trump ya sa hannu ranar 19 ga watan, aka ba ma'aikatar kwana 30. Dokar ta yarda a rufe bayanan waɗanda aka cutar, da hotunan cin zarafin yara, da abin da zai ɓata binciken da ke gudana. Ta hana a rufe wani abu don kare mutuncin babban mutum ko gudun kunya ta siyasa. Wa'adin ya cika an saki kaso kaɗan kawai, shafuka da yawa baƙi ƙirin, sai ƙarshen Janairun 2026 aka saki shafi sama da miliyan uku. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sunayen wasu matan da aka zalunta sun fito fili, su da doka ta ce a fara karewa.

Rufe suna aiki ne mai tsari. Ana fara tara sunayen waɗanda za a kare daga lauyoyinsu, har da laƙabi da sunan aure da kuskuren rubutu. Neman suna da kwamfuta ba ya kama rubutun hannu ko hoton takarda da bai fito sosai ba, dole mutum biyu su karanta da ido. Ɗora baƙin akwati kan rubutu ba ya goge shi, duk wanda ya kwafa ya liƙa a wani wuri zai karanta, sai an cire rubutun daga fayil ɗin gaba ɗaya. Kowane wuri da aka rufe kuma a rubuta sashen dokar da ya halatta, a ajiye rajista da alƙali ko 'yan majalisa za su iya gwadawa da asalin takardar. Idan babu wannan rajista, mai karatu ba shi da hanyar bambance inda aka kare yarinya da inda aka kare attajiri.

Mu ma masu yaɗa labari a yi hattara. Fitowar sunan mutum a littafin lambobin waya ko rajistar jirgi ba shaidar laifi ba ce, kuma hotunan bogi sun cika gari. Sawun kuɗi ya fi sunaye amfani. Bankin JPMorgan ya ci gaba da hulɗa da Epstein har 2013, shekara biyar bayan ya amsa laifi, kuma a 2023 ya biya waɗanda aka cutar dala miliyan 290, Deutsche Bank ya biya miliyan 75. Duk da haka, mutum ɗaya ce kotun tarayya ta ɗaure kan safarar yaran nan, wato Ghislaine Maxwell, abokiyar Epstein, da aka yanke wa shekara 20 a 2022. Ita ma kwanaki kaɗan bayan ganawarta da mataimakin ministar shari'a a Yulin 2025, aka mayar da ita gidan yari mafi sassauci a Teksas.