Wayar da ta kusa tsige ni daga ma'aji

Duk wanda ya san ni a kasuwar Mile 12 ta Legas ya san ba na wasa da lissafi. Albasa nake sayarwa, ta Aliero idan kakarta ta yi, kuma da yake ina iya riƙe biro, sai 'yan layinmu suka ɗora mini riƙon kuɗin ƙungiya. Ba wani babban asusu ba ne. Kuɗin mako ne da kowa ke zubawa, a taɓa idan wani ya kwanta asibiti, ko motar kaya ta lalace a hanya, ko an yi rasuwa. Sai dai a wurin mutanenmu, naira goma ta jama'a ta fi miliyan ɗinka nauyi.

Da damina tsohuwar wayata ta faɗa kwata, na je na sayi sabuwa. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don ba ni da kuɗin lauya. Fuskarta faffaɗa, idon kyamara uku a baya, batir ya kwana ya wuni, kuɗinta kuma bai kai na buhun albasa biyu ba a lokacin tsada. Na baro shagon ina jin na yi wa mai kayan wayo.

Na sa hoton 'yata a fuskar wayar. Da asuba na laluba in duba lokaci, sai na ga firiji. Na murza ido, na sake dubawa: firiji ne, mai ƙofa biyu, da farashi a ƙasa. Kafin in dawo daga masallaci ya zama takalmi. Idan na buɗe ma'ajiyar takardu in nemi rasit, sai an fara tallata mini fili a Ibeju-Lekki, ni da nake fama da hayar ciki da falo a Ketu. Akwai wata manhaja ma da ta zo da wayar, kullum sai ta yi mini tsawa wai wayar ta cika da datti. In na danna, tsintsiya ta yi ta zagaye a fuska, ta gama shara, ta miƙo mini tallar man shafawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗan gicciyen nan na rufe talla. An yi shi ne don yatsan jariri. Ni kuwa yatsana ya shekara yana ɗaure bakin buhu. Ina kai masa hannu sai in zarce cikin tallar, kafin in ankara an fara sauke mini wani wasan jera alewa. Duk wannan kuma da datata ake yi, bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Wato ni nake biyan kuɗin motar mai tallar da ya zo damuna.

A gida aka fara. Ina wanka wayar ta haska, uwargida ta leƙa, ta tarar da wata baiwar Allah ta kwanto gashi har kafaɗa tana murmushi a inda hoton 'yarmu yake.

"Baban Hanifa, wace ce wannan?"

Na ce talla ce.

"Tallar me?"

Na duba da kyau. Wallahi ni ma ban gane abin da ake sayarwa ba. Daga baya ne muka gano man gashi ne, amma daren nan tuwona ya zo ba man shanu.

Babbar fitinar sai ranar taron wata. Bayan la'asar muka baje tabarmi a rumfar Alhaji, shugabanmu, dattijon da ya riga yawancinmu zuwa Legas da shekaru masu yawa. Malam Liman na gefensa yana jan carbi. Na karanto shiga da fita daga littafi, kowa ya gyaɗa kai. Sai Alhaji ya ce a nuna masa abin da ya rage a banki, ido ya gani. Na buɗe, na miƙa masa da hannu biyu. Kafin ya lalubo tabarau a aljihun babbar riga, fuskar wayar ta mutu. Ya dangwala mata yatsa.

Ƙwallo ce ta fito, da wani matashi ya daka tsalle, takardun naira dubu-dubu na zubo masa a ka.

Alhaji ba ya karanta boko, amma wannan hoton ba ya neman tafinta. Ya daɗe yana kallo. Bai ce uffan ba, ya miƙa wa Malam. Malam ya duba, carbin ya tsaya.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, talla ce, ita take sako abinta." Na karɓa da sauri na buɗe don in koma shafin banki, yatsan nan nawa ya sauka inda bai kamata ba. Sai ga muryar mace, da ƙarfin da ban taɓa sanin wayar na da shi ba, tana zuba Turanci. Sakatarenmu, wani yaro da ya yi difloma kuma tun ba yau ba yake hangen kujerata, ya gyara zama ya ce, "Alhaji, in fassara?"

"Fassara."

"Cewa take albishirinka, an amince da bashinka, ka shigo ka karɓa cikin minti biyar, ba jingina."

Alhaji ya cire tabarau. "Ma'aji, an amince, ta ce. Ai sai wanda ya nema ake amince wa."

Na rantse, na kuma rantsewa. Wani daga baya ya ce shi dai tasa wayar ba ta taɓa yi masa tallar caca ba, kuma an ce waya abin da mutum yake nema take kawo masa. Wayarsa fa 'yar rakani-kashi ce, mai tocila a ka, ko hoto ba ta ɗauka. Malam ya yi gyaran murya ya jawo ayar da ta haɗa giya da caca, ya yi nasiha mai ratsa jiki, bai ambaci sunana ba, amma duk rumfar ni ake kallo. Aka tashi a kan cewa mutum uku za su bi littafina layi-layi, kuma kafin nan sakatare ya riƙe kuɗin mako.

Washegari na bar yaro a kan kaya na hau danfo, ta Ojota da Maryland, zuwa Ikeja. Tun da gwamnatin jiha ta hana acaba a yankin a 2022, daga ƙarƙashin gada sai ƙafa. Na kutsa Computer Village, babbar kasuwar wayoyi da kwamfutoci, ana ta jan rigata ana tambaya ko sayarwa zan yi, har na isa wurin wani ɗan Kano mai gyara da kowa ke kira Injiniya. Teburinsa bai fi faɗin sallaya ba, ga fitila, ga ƙarfen narka dalma, ga gawarwakin wayoyi a cikin robar ayis-kirim.

Na ce masa ƙwayar cuta ta shiga wayata. Ya karɓa, ya shafa sama, ya shafa ƙasa, ya yi dariya.

"Yallaɓai, lafiyarta ƙalau. Haka aka haife ta."

Ya ce ginshiƙin manhajar, wato Android, na Google ne, amma kowane kamfanin waya yana ɗora nasa gyaran a kai, da nasa shagon manhajoji, da nasa burauza, da mai sharar nan. To a cikin waɗannan ake gina gurbin talla tun daga masana'anta. Ribar da ake ci a jikin ƙaramar waya kaɗan ce, saboda haka sai a sayar maka da araha, a riƙa cin sauran a hankali daga masu talla muddin wayar na hannunka. Ya ce ba ɓoyayyen abu ba ne: a 2018 kamfanin Xiaomi ya fito fili ya yi alkawarin ribarsa a kan na'urori ba za ta wuce kashi 5 cikin 100 ba, kowa kuma ya san ta hidimomin intanet da talla ake cike gurbin. Amazon ma a Amurka, a 2016, ya sayar da wayoyi da rangwame bisa sharaɗin za ka riƙa ganin talla a fuskar kulle.

Wannan na Amazon ya tsaya mini a rai. Su an gaya musu, sun zaɓa. Ni ba wanda ya ce mini ga sharaɗi. Abin ya yi kama da ka biya hayar shekara cif a Legas, ka tare, sannan ka tarar mai gida ya riƙe mabuɗin falo yana shigo da 'yan talla duk lokacin da ya ga dama, har da tsakar dare.

Injiniya ya ce ai na yarda. Ranar da na kunna wayar, dogon rubutun nan da na yi ta danna "na amince" don in kai ga kyamara, a ciki yake.

Muna zaune mutane na ta zuwa da irin ciwona. Wata mai abinci ta ce ita kashe data take yi sai za ta duba saƙo. Wani direban tirela ya ce ya daina faɗa, har ya saba, in bai ga tallar ba sai ya ɗauka datarsa ce ta ƙare. Wani matashi kuwa ya zo a sauke duk manhajar kamfanin a ɗora wata, Injiniya ya gargaɗe shi cewa garanti zai tashi, kuma wata manhajar bankin na iya ƙin buɗewa. Na tambaya ko ƙorafi na da amfani. Ya ce wani lokaci: a 2021 Samsung ya sanar da cire talla daga wasu manhajojinsa, irin ta yanayi da ta biyan kuɗi, bayan masu wayoyin sun yi ta surutu cewa ba za su sayi waya da tsada a kuma tallata musu kaya ba.

Ya shiga saiti. Ya kashe mai sauya hoton fuska, ya kashe abin da suke kira shawarwari a manhaja bayan manhaja, kowanne an ɓoye makunninsa a wani lungu daban. Ya toshe sanarwar shagon kamfanin da ta mai shara. Waɗanda ba sa gogewa ya sa su barci. Sannan ya rubuta wani adireshi a gurbin DNS, wato inda waya ke tambayar hanyar zuwa shafukan intanet, wanda ya ce tun Android 9 ake da shi, yana tare yawancin tallar tun daga hanya. Na sa ido sosai, har na sa ya maimaita, ina rubutawa a bayan littafin ƙungiya. Ya ce in an sabunta manhajar wayar wasu za su iya dawowa, in sake bi.

Kwamitin mutum uku suka gama bincike. Ba a rasa ko sisi ba, sai ma aka gano ƙungiya ce ke riƙe da kuɗin motar da na taɓa biya daga aljihuna. Alhaji ya tara mu zai sanar. Ya fara da salati, ya kai ga "bayan haka", sai aljihunsa ya ɗauki kiɗa. Ɗansa ne ya aiko masa sabuwar waya daga Kaduna a makon. Ya zaro ta yana neman inda ake kashewa, ita kuwa tana ta bayani a kan wani maganin ƙarfin maza, da hoton kwalba da na doki.

Sakatare ya buɗe baki. Alhaji ya ce, "Kai, ba a ce ka fassara ba."

Da magariba ya aiko a kira ni bayan rumfa, ya miƙo mini wayar a naɗe cikin hankici. Na buɗe bayan littafi na bi matakan Injiniya ɗaya bayan ɗaya. Kafin mako ya zagayo labari ya bazu har layin 'yan tumatir da na 'yan barkono, wai Ma'aji na cire aljanun waya. Yanzu naira 500 nake karɓa, dattawa kyauta, kuma duk wanda wayarsa ta sabunta kanta cikin dare sai ya dawo. Sakatare ya kawo tasa shekaranjiya. Na ce masa ta 'yan difloma 1,000 ce.