Mastas a wata shida? Ko tela ba ya yaye yaro haka

Wannan tallar da ke yawo a WhatsApp tun shekaranjiya ta ishe ni. Wai digiri na biyu a fannin nazarin laifuka da shari'a, ta intanet, wata shida, ba jarrabawa, ba kundin bincike, biya kuma da dala. Madalla! Har 'yan sanda da gandirobobi na tambayar lambar asusu.

Mun manta Kwatano ke nan? A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samo digiri daga wata jami'a a Kwatano ta ƙasar Benin cikin mako shida, aka shiga Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo.

Kafin ka biya sisi, duba wa ya amince da makarantar. In ta gida ce, shiga shafin NUC, hukumar kula da jami'o'in Najeriya, ka ga sunanta, sannan ka tabbatar an amince da shi kansa kwas ɗin, kuma an ba ta izinin koyarwa daga nesa. Abu uku ne, ba ɗaya ba. In ta Amurka ce, nemi sunanta a rumbun CHEA, majalisar da ke sa ido kan tantance manyan makarantun Amurka, ko na ma'aikatar ilimin ƙasar. A nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa: 'yan damfara kan ƙirƙiro hukumar tantancewa tasu, su manna tambarinta mai ruwan zinare. To ita ma hukumar nemi sunanta a can. Babu? Rufe shafin.

Mastas na gaske a Amurka yawanci kiredit (ma'aunin yawan darussa) 30 zuwa 36 ne, shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Buɗe manhajar. In ba ka ga dabarun bincike, ƙididdiga da ra'ayoyin masana kan musabbabin laifi ba, takarda ake sayar maka. Ɗauki sunayen malamai uku ka saka a Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen masana, ka ga ko sun taɓa rubuta wani abu. Ka kuma tambayi dokar wa za a koya maka. Gargaɗin Miranda, wato sanar da wanda aka kama haƙƙinsa na yin shiru, na Amurka ne. Kai da ACJA ta 2015, dokar gudanar da shari'ar laifuka, za ka yi aiki, da Penal Code, kundin laifuka na Arewa, da sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ranar da lauya ya ƙalubalanci hujjar da ka ciro daga waya.

Wani zai ce, "Ai abokina ya yi, har an ƙara masa girma." A bari ranar tantance takardu ta zo. "Ai ilimi muke nema." To YouTube kyauta ne, me ya kai ka ga dala?

Tsakani da Allah karatun intanet ba laifi ba ne. Jami'in da aka tura bakin iyaka, yana aikin dare, ba shi da wata hanya, kuma NOUN, jami'ar karatu daga nesa ta ƙasa, na da wannan fanni. Amma duba amincewar tukuna, malam. Duba.

Af, ku kuma masu hayar rigar yaye a wajen mai hoto, igiyar hular nan gefe take sauka, ba ta kan hanci ba.