Istirojin ba sai ya shiga cikin gida yake ba da umarni ba

Jiya na zauna duba takardun jarrabawar ɗalibaina, kusan kowa amsa ɗaya ya rubuta: istirojin, sinadarin jiki mai tafiyar da al'amuran haihuwa na mace, yana ratsa tantanin ƙwayar halitta, ya isa cibiyarta, ya haɗu da makarɓinsa, wato furotin ɗin da ke kama shi, su zauna kan DNA, sai bayan sa'o'i a ga sakamako. Ban ga laifinsu ba, haka muka koya musu. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin rabin labarin ke nan, kuma rabin da muke tsallakewa ya haura shekara hamsin a rubuce.

Tun 1967 Clara Szego, a jami'ar UCLA ta Amurka, ta nuna cewa idan aka ba macen ɓera istirojin, sinadarin cAMP, mai isar da saƙo a cikin ƙwayar halitta, yana tashi a mahaifarta cikin daƙiƙa 15. Babu yadda za a buɗe DNA, a kwafi saƙo, a ƙera furotin cikin wannan ɗan lokaci. A 1977 ita da Richard Pietras suka nuna cewa akwai wurin da istirojin ke kamawa a jikin tantanin kansa. Shekaru masana da yawa suna kau da kai. Sai a 2005 aka tabbatar cewa wani furotin na daban, GPR30, wanda yanzu ake kira GPER, shi ma yana kama istirojin.

Ni dai yadda nake kwatanta wa ɗalibai: akwai baƙon da ake shigarwa har turaka a zauna a tsara magana, akwai kuma wanda daga zaure zai yi sallama ya bar saƙo, kafin ya juya gida ya kaure da motsi. Istirojin duka biyun yake yi.

Inda abin ya fi ɗaukar hankalina shi ne fituitari, 'yar tsokar nan da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, wadda ba ta fi ƙwayar wake ba, nauyinta wajen rabin giram. Daga nan furolaktin ke fitowa, mai sa ruwan nono, da LH da FSH masu tafiyar da al'adar mace da fitar ƙwai. Cheryl Watson da abokan aikinta a Galveston ta jihar Teksas sun yi aiki da ƙwayoyin fituitarin ɓera da ake kira GH3/B6. Sun samu makarɓin istirojin da ake kira ERα a jikin tantani, sun kuma ga cewa da istirojin ya taɓa shi sai kalsiyam ya kwararo ciki, furolaktin ɗin da ke ajiye ya fara fita cikin mintuna. A tumaki kuwa, aikin ɗakin binciken Terry Nett a Kolorado ya nuna istirojin yana danne fitar LH da sauri, ko da an ɗaure shi da babban furotin da ke hana shi shiga ƙwayar cikin sauƙi. Hujjar da ta fi gamsar da ni ta zo a 2014: aka samar da ɓeraye da aka canza wa ERα wuri ɗaya tak, ta yadda yana aiki a cibiya amma ba ya iya manne wa tantani. Matansu ba su haihu ba.

Me ya sa na damu haka? Saboda an daɗe ana auna sinadaran masana'antu masu kwaikwayon istirojin da ma'aunin cibiya kawai, a ce musu masu rauni ne. Bisfenol A, wanda ake sa wa a wasu robobi masu tauri da cikin gwangwanin abinci, a wannan ma'auni raunanne ne ƙwarai. Amma a gwajin Watson, shi da magungunan ƙwari irin su endosalfan sun motsa kalsiyam da furolaktin a ƙaramin adadi mai ban mamaki, kuma tasirin bai bin ƙa'idar "ƙara yawa, ƙara ƙarfi". Tarayyar Turai ta hana bisfenol A a bulumbotin jarirai tun 2011, a shekarar ne kuma aka sa endosalfan cikin jerin haramtattu na Yarjejeniyar Istokholm ta ƙasa da ƙasa kan sinadarai masu guba.

Kada wani ya ɗauki wannan ya ce roba ce ke hana matarsa haihuwa. Ƙwayar halittar ɓera a farantin gwaji daban, jikin mace daban, kuma ba na son a yi amfani da rubutuna wajen tsorata mutane ko tallar maganin gargajiya. Abin da yake tabbas shi ne furolaktin idan ya yi yawa yana iya tsayar da al'ada da fitar ƙwai, gwajin jini yana nuna shi, kuma akwai magani irin kabagolin da buromokiriftin. Mata nawa ne ke shan gori a gidan miji alhali ba a taɓa yi musu wannan gwaji ba?

Zangon karatu mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan fara darasin istirojin da daƙiƙa 15 ɗin Szego, sannan mu shiga cibiya.