Baturen Ingila in ya tafi hutu Ingilarsa yake nema, rana kawai za a ƙara masa

Tun ranar da mutanen Barcelona suka fito da bindigogin ruwa irin na wasan yara suka dinga fesa wa masu yawon buɗe ido a Yulin 2024, a zanga-zangar adawa da yawan baƙi da tsadar hayar gidaje, jaridun gulma na Birtaniya ba su huta ba, mu ma ba su bar mu mun huta ba. Duk bazara sai sun tono zancen, wai an wulaƙanta 'yan ƙasarsu, wai Sifaniya ta yi butulci, wai gara su kwashe kuɗinsu su koma Turkiyya ko Girka a ga ƙarshen taurin kai. Da aka maimaita zanga-zangar a Yunin 2025 a Barcelona da Palma, babban birnin tsibirin Mallorca, sai ihun ya ƙaru kamar an yanka wani. Ruwa ne fa jama'a. Ruwan da mutum ya biya kuɗin jirgi takanas don ya zo ya kwanta a cikinsa.

Ni jaridun ba su dame ni ba, da ma sana'arsu ke nan. Abin da ya ɓata min rai shi ne yadda na ga wasu namu sun ɗauki wannan karatun sun haddace, kana cewa uffan sai su ce ai Turawan Ingila ne ke ciyar da Sifaniya, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. To naji, kuɗin gaskiya ne. A 2024 baƙi kusan miliyan 94 ne suka shiga Sifaniya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 50 ba, kuma sama da miliyan 18 daga cikinsu daga Birtaniya suka fito, babu ƙasar da ta kai su. Yawon buɗe ido ya fi kashi 12 cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasar. Amma tunda aka zo maganar ciniki, sai a tsaya a duba me mai sayen yake saya da kuɗin nasa.

Ka je Benidorm ko Magaluf, wuraren shaƙatawa na bakin teku a Sifaniya, ka gani. Mutum ya baro Manchester ko Leeds ya yi tafiyar awa biyu da rabi a sama, ya sauka a ƙasar da take da harshenta da girkinta da tarihinta, amma da safe abin da yake nema shi ne soyayyen ƙwai da wake da naman alade irin na gida, da rana kifi da soyayyen dankali, da yamma mashaya mai sunan Turanci da tutar Ingila a ƙofa da talabijin ana nuna Firimiya, wasu har ganyen shayinsu suke ƙunsowa a jaka saboda na can bai yi musu ba. Zai yi sati biyu cur bai koyi ko sannu da harshen masu garin ba, in ma'aikacin otal bai gane Turancinsa ba sai ya ƙara ɗaga murya, kamar kurma yake wa magana. A 2018 ma an yi wata dattijuwa da ta dawo daga Benidorm ta kai ƙorafi wai 'yan Sifaniya sun yi yawa a otal ɗin da ta sauka. A Sifaniya fa. An yi ta dariya a lokacin, amma ni a ganina baiwar Allahn nan ta faɗi abin da ke ran da yawansu ne kawai, sauran sun fi ta iya baki.

Sai kuma rikicin tawul, wanda wallahi in ka ga bidiyonsa sai ka rasa dariya za ka yi ko tausayi. Magidanta da furfurarsu sun tashi tun asuba sun yi layi a bakin ƙofar wurin wanka, ana buɗewa su kwasa da gudu kowa ya jefa tawul a kan gadon shan rana ya kama wuri, sannan ya koma ɗaki ya ci gaba da barcinsa. Waɗannan ne fa ake ba mu labarin sun fi kowa bin layi a duniya.

Wannan duk mai sauƙi ne, giyar ce babbar magana. Ba don nishaɗi gwamnatin tsibiran Balearic, inda Mallorca da Ibiza suke, ta kafa doka a Janairun 2020 ba, dokar da ta ce otal-otal ɗin da ake biyan kuɗin ci da sha a dunƙule a Magaluf da Playa de Palma da wani yanki na Sant Antoni a Ibiza kada su ba mutum fiye da kofi shida na giya a rana, uku da rana uku da dare, ta kuma hana yawon zagaya mashaya rukuni-rukuni, ta sa tara a kan masu dirowa daga barandar bene. Eh, sai da aka yi wa wannan doka, saboda samari na buguwa su hau baranda su ce za su faɗa cikin ruwan wanka ko su tsallaka ɗakin aboki, wasu su karye wasu a mayar da gawarsu gida. Kofi shida a rana, amma da dokar ta fara cizo sai ga su a jarida suna kukan an ɓata musu hutu. Amsterdam ta ƙasar Holan kuwa ba ta tsaya kwana-kwana ba, a Maris ɗin 2023 hukumar birnin ta fitar da talla a intanet musamman don mazan Birtaniya 'yan shekara 18 zuwa 35, saƙon kuma shi ne in hauka za ku zo yi ku yi zamanku. Birni guda ya kashe kuɗinsa don ya kori kwastoma, ai ka san tura ta kai bango.

Abin dariyar ma, Thomas Cook ɗin da ya faro wannan harka ta kwasar mutane a kai su yawo a dunƙule, tafiyarsa ta farko a 1841 daga Leicester zuwa Loughborough ce a jirgin ƙasa, kuma taron masu yaƙi da shan giya ya kai su. Da zai leƙo Magaluf da ƙarfe ukun dare da ya koma inda ya fito ba shiri.

Kar kuma a manta da badaƙalar ciwon ciki. Wajen 2016 zuwa 2017 otal-otal ɗin Sifaniya sun yi ta kuka da 'yan Birtaniya da ke cin abinci su ƙoshi su yi ta ɗora hotuna suna washe baki, in sun koma gida sai su nemi lauya su ce abincin ya lalata musu ciki a biya su diyya, har sai da kotu a Liverpool ta ɗaure wasu a 2017 kafin abin ya lafa. Da ɗan Najeriya ne ya yi wannan, kun san sunan da za a kira mu da shi gaba ɗayanmu.

Za a ce ai ba dukansu ba ne, kuma Jamusawa ma suna nasu a Mallorca. Haka ne, sai dai ban ga Jamusawan suna cika duniya da kukan an yi musu butulci ba. Wasu kuma su ce tsadar haya laifin gwamnatin Sifaniya ne da masu gidajen da suka kori 'yan gari suka zuba gidajen a Airbnb, shafin ba baƙi hayar 'yan kwanaki, to ai masu zanga-zangar ma gwamnatinsu suke wa, shi ya sa magajin garin Barcelona Jaume Collboni ya ce zai soke lasisin gidaje kusan 10,000 da ake ba baƙi haya kafin ƙarshen 2028. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda yake wanke kwanuka a otal a Ibiza amma a mota yake kwana saboda albashinsa ba zai kama ɗaki ba, ba ya buƙatar wani edita a Landan ya koya masa godiya.

Inda abin ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne nan. Ƙasar da a Mayun 2025 firaministanta Keir Starmer ya tsaya ya ce tana neman zama tsibirin da mutane ba su san juna ba, ya ce duk baƙon da zai zauna dole ya iya Turanci ya saje da jama'a, ita ce 'ya'yanta suka yi shekara da shekaru a gaɓar tekun Sifaniya da unguwanninsu da mashayarsu da jaridunsu na Turanci ba su saje da kowa ba, kuma su ba a kiransu 'yan ci-rani, suna mai daɗi suka raɗa wa kansu, wai expat. Sun kaɗa ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a 2016 don a tsare iyaka, yanzu da aka ce kwana 90 kawai za su yi cikin kowane 180 kuma su bi layin baƙi a filin jirgi, sai ga shi suna cewa mugunta ce. Duk wanda ya taɓa neman bizar Birtaniya daga Kano ko Abuja, ya tara takardun banki da wasiƙar wurin aiki ya biya kuɗin da ba a dawowa da shi sannan aka ce ba a gamsu zai dawo ba, shi ya san me ake kira mugunta a bakin iyaka. Tsayuwar awa ɗaya a layin filin jirgi ba ta cikin lissafin.

Gyaran ba wani abu mai wuya ba ne in da gaske ake. Sifaniya ta ƙara harajin kwanan da baƙi ke biya a masauki, ta daina rubuta tara a takarda tana bari mutum ya hau jirgi bai biya ba. Ita kuma Birtaniya ai tana da dokar da take karɓe fasfon 'yan dabar ƙwallo in za a yi gasa a waje, ta san yadda ake yi sarai, sai ta faɗaɗa ta ta haɗa da wanda aka kama yana fitsari a ƙofar gidan mutane a Palma, ya yi bazara biyu yana shan ranarsa a Blackpool, bakin tekunsu na can Ingila.