Ba Ku Ne Masu Google Ba: Nasiha Ga Matasan Zango Masu Tallan Intanet

Assalamu alaikum, ƙannena maza da mata na Nima, Maamobi, Fadama, Madina da Sabon Zango.

Sana'ar gina shafin intanet ta shigo mana zango, kuma abin farin ciki ne. Yaro da 'yar kwamfutarsa yanzu yana gina wa Alhaji mai kayan gyaran mota a Abossey Okai gidan yana, ya gina wa Hajiya mai abaya da turaren wuta nata, a biya shi ta MoMo. Allah Ya ƙara albarka. Sai dai akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakinku, wadda ya kamata ku daina: "Alhaji, ba ni wata ɗaya kawai, zan kai ka lamba ɗaya a Google." Alƙawari ne a kan abin da ba naku ba. Shi kansa kamfanin Google ya rubuta ƙarara cewa babu mai iya lamunce wa kowa matsayi na farko. Wanda ya karɓi kuɗin mutum a kan haka, ko dai bai san aikin ba, ko ya sani ya ɓoye, kuma babu wanda ya dace da mai neman halaliyarsa a cikin biyun.

Google yana jera shafuka ne da wani tsarin lissafi, kuma tsarin ba ya zama wuri ɗaya. Ƙananan gyare-gyare sukan kai dubbai a shekara ba tare da kowa ya ji labari ba. Manyan kuma, waɗanda suke yi wa tsarin garambawul gaba ɗaya, sukan zo sau da dama a shekara, ana sanar da su, kuma sukan ɗauki mako biyu ko fiye kafin su kammala. Matsayinka a can kamar rumfa ce a kasuwar da hukuma ke sake rabon layi duk bayan 'yan watanni. Ba ka yi laifin komai ba, amma sai ka wayi gari an kawo wanda ya fi ka kaya an sa shi a gabanka.

Ku duba tarihin abin, za ku ga duk dabarar da ake sayar muku yau an taɓa kashe irinta. A watan Fabrairun 2011 aka fito da gyaran da ake kira Panda, ya durƙusar da gidajen da suka cika da rubutu marar nauyi da wanda aka kwafo daga wani wuri. A Afrilun 2012 Penguin ya biyo baya, shi kuma ya far wa masu sayen mahaɗai, wato adireshinka da ake liƙawa a shafukan wasu don a ce kai ma sananne ne. A 2014 Google ya ce zai riƙa duba ko adireshi yana da https, wato alamar shafi mai tsaro. A Afrilun 2015 ya fara fifita shafin da ke karantuwa a waya. A 2019 gyaran da ake kira BERT ya sa injin ya fi gane ma'anar jumla sukutum, sai maimaita kalma ɗaya sau ashirin a shafi ya zama wauta zalla. A Agustan 2022 aka juyo kan rubutun da aka yi don injin bincike ba don mutum ba. Sai Maris na 2024, garambawul ɗin da ya ɗauki kwana 45, wanda ya zo da sababbin dokoki uku: haramta tara shafuka barkatai don kawai a hau sama, ko mutum ne ya rubuta ko ƙirƙirarriyar basira, haramta sayen tsohon adireshin da mai shi ya bari don a ci da sunansa, da haramta raɓewa a jikin babban gida mai mutunci a zuba masa rubutun talla.

To, a ce an wayi gari masu shigowa sun ragu. Nan ne mafi yawanku kuke ɓata lamari, don kafin azahar kun canza taken shafuka, kun goge rabin rubutu, kun sauya fasalin gidan gaba ɗaya. Bayan mako guda ba ku san abin da ya jawo faɗuwar ba, ba ku kuma san wanne cikin gyaranku ya ƙara dagula ta ba. Ku dakata tukuna.

Fara da tambayar ko matsalar ma ta Google ce. Wannan garambawul na 2024 ya fara ranar 5 ga Maris. Ranar 14 ga watan nan ne wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala, Ghana da maƙwabtanta suka shiga wahalar sadarwa ta kwanaki. Duk wanda kwastomominsa 'yan Accra ne ya ga raguwa a makon, kuma da yawa za su iya ɗora wa Google laifi alhali mutane ne ba su da hanyar shiga. Haka ma lokaci: mai sayar da abaya da jallabiya da ya kwatanta mako biyu bayan Sallah da goman ƙarshe na azumi zai zaci an yi masa asiri. Search Console, shafin Google mai nuna yadda gidan yana ke tafiya a bincike, wanda kyauta ne kuma wajibi ne ga duk gidan da kuka gina, yana ajiye bayanan wata 16. Ku shiga ɓangaren Performance ku kwatanta da irin lokacin a bara, kuna tuna cewa azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara.

Sannan ku duba ko gidan ne da kansa ya lalace. Abubuwan da suka fi kashe shafukan 'yan kasuwarmu ba su da alaƙa da wani garambawul. Kuɗin adireshi ko na masauki, wato wurin da ake ajiye shafin a intanet, ya ƙare ba a sabunta ba, don wanda ya yi rajistar ya yi da imel ɗinsa ya kuma yi tafiya. Takardar https ta ƙare, burauza tana tsorata masu shigowa. An sauya adiresoshin shafuka ba a sa turawa ta 301, wato umarnin da ke kai mai shigowa daga tsoho zuwa sabo ba, sai duk martabar da tsohon ya tara ta bi iska. Ko kuma, ga masu gina shafi da manhajar WordPress, wani ɗan akwati a Settings, ƙarƙashin Reading, wanda ke roƙon injin bincike kada ya saka gidan a jerinsa. Ana latsa shi lokacin gini, a manta a cire. Wata uku ana addu'a ana jiran Google, ashe kai ka ce masa kada ya shigo. Akwai kuma masu kutse da ke shiga ta tsohuwar manhajar da ba a sabunta ba, su cusa ɗaruruwan shafukan caca da magani. Rubuta site: haɗe da adireshinka a Google, za ka ga irin shafukan da aka saka da sunanka.

Bayan nan buɗe Manual actions a Search Console. Idan akwai saƙo a ciki, ma'aikacin Google ne ya duba ya hukunta ka, kuma zai faɗi laifin. Ka gyara, ka nemi a sake dubawa. Idan babu komai, sai ka je Google Search Status Dashboard, inda Google ke sanar da ranakun garambawul, ka ga ko ranar faɗuwarka ta dace da wani garambawul. In ta dace, shawarar Google ita ce a jira ya kammala, a ƙara mako guda cur, sannan a kwatanta da makon da ya gabaci farawar garambawul ɗin.

A wajen kwatancen akwai lambobi uku, kuma kowacce labarinta daban. Sau nawa aka nuna shafinka, sau nawa aka latsa, da matsayinka. Wanda ya sauko daga na biyu zuwa na huɗu, kada ya taɓa komai. Irin wannan yakan koma da kansa. Wanda ya faɗo daga na huɗu zuwa wajen na talatin, shi ke da aiki. Idan kuma matsayi bai motsa ba, ana nuna ka kamar da, amma latsawa ta ragu, to sama da kai aka cika: tallace-tallace, taswira, ko amsar da basirar Google ke rubutawa da kanta, wadda aka ƙaddamar a Amurka a Mayun 2024 sannan ta bazu ƙasashe fiye da ɗari. Wannan ta fi cin masu rubutun bayani na gama-gari, irin su amfanin dabino ko yadda ake wanke leshi. Ba ta iya faɗa wa mutum ko akwai fitilar Corolla a shagon Alhaji yau da nawa take ba.

A nan ne nake so ku fi mai da hankali. Ku ɗauki shafuka biyar da suka fi faɗuwa, ku nemi kalmomin da suke fitowa da su, ku buɗe waɗanda suka hau kanku, ku karanta da zuciya ɗaya. Me suke da shi da ba ku da shi? Sau da yawa amsar tana da ɗaci. Shafinku hoton da aka sauko da shi daga intanet ne, da sakin layi uku da ChatGPT ya rubuta wanda zai dace da kowane shago daga Kano har Dubai. Babu farashi a sidi, babu girma ko lamba, babu kuɗin kai kaya Kasoa ko Tema ko Kumasi, babu abin da za a yi in kaya bai yi ba. Google bai haramta amfani da ƙirƙirarriyar basira ba, kuma ba laifi ta taya ka gyara Turanci. Laifin shi ne ka fitar da shafi ɗari biyu a dare ɗaya, kowanne da sunan unguwa daban, rubutu iri ɗaya. Shafi goma da aka zauna da mai shagon aka tambaye shi, ya faɗi yadda ake bambance na asali da jabu, wace mota ce kayan ke shiga, me ke sa ya lalace da wuri, sun fi su nesa ba kusa ba. Wannan ilimin yana kan Alhaji da Hajiya, shekara ashirin suna tara shi, kuma babu inji ko abokin gasa da zai kwafe shi kafin ku rubuta. Masu sayar da maganin gargajiya kuwa su yi hattara ninki biyu, don a harkar lafiya da kuɗi Google ya fi tsananta neman shaidar cewa mai magana ya san abin da yake faɗa. Shafin da ya ce garin magani ɗaya yana warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa, ko Google bai kama shi ba, akwai Wanda zai tambaya.

Batun sauri kada ya zama muku addini, amma ku san ma'auninsa. Babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, shafi ya amsa latsawa cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, kuma rubutu kada ya riƙa tsalle yayin buɗewa. PageSpeed Insights zai gwada muku kyauta. A wajenmu kusan kullum hotuna ne matsalar: a ɗauka da waya, megabayit huɗu ko biyar, a ɗora yadda yake, guda talatin a shafi ɗaya. Ku rage faɗin kowane hoto zuwa wajen pixel 1200, ku mai da shi WebP, wato nau'in hoto marar nauyi, nauyi ya dawo ƙasa da kilobayit 200. Kuma ku gwada a ƙaramar Tecno ko itel da datar MTN ko Telecel, ba a kwamfuta da wayifai ba. Google fasalin waya yake dubawa, mai sayen ma da ita zai shigo.

Masu aiko muku saƙo cewa za su ba ku mahaɗai dubu biyar a kan 'yan daloli, ku share su. Mafi sauƙin sakamako shi ne Google ya yi watsi da mahaɗan, kuɗi ya tafi a banza. Mafi muni shi ne hukunci. Mahaɗi ɗaya daga jaridar da ta yi labarinku, ko ƙungiyar 'yan kasuwa, ko makarantar da kuka ɗinka wa yunifom, ya fi tarin nan.

Ga mai shago a unguwa, Google Business Profile, wato bayanin shago da ke fitowa a taswirar Google, ya fi gidan yana saurin kawo ciniki, kuma bai cika girgiza da manyan garambawul ba. Abu uku ake dubawa a nan: dacewa da abin da aka nema, kusanci, da shahara. Ku sa sunan da ke jikin allon shagon kawai. Wanda ya cusa "mafi arha a Accra" cikin suna yana iya jawo a dakatar da shi. Ku zaɓi rukunin sana'a daidai, ku tsaya a ƙofar shagon ku daidaita alamar taswira da hannu, don lungunan Nima ba su da sauƙin kwatance, ku ƙara adireshin GhanaPostGPS a shafin tuntuɓa. Lokutan buɗewa su zama gaskiya, har da rufewar sallar Juma'a. Ku roƙi wanda ya saya ya rubuta ra'ayinsa, amma kada ku biya shi ko ku tara abokai su rubuta na ƙarya. Ana gogewa, kuma shaidar zur ce.

Kada kuma ku bari cinikin mutum ya rataya a Google kaɗai, ko Facebook, ko TikTok, don duk halinsu ɗaya. Duk wanda ya saya, a nemi izininsa a ajiye lambarsa a WhatsApp Business, a raba su da lakabi: masu sari, masu ɗai-ɗai, masu jiran sabon kaya. Izinin nan ba ladabi ba ne kawai, dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012 ta tanade shi.

Idan za ku karɓi aiki, ku rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ne. A yi rajistar adireshi da sunan mai kasuwar da imel ɗinsa, shi ne mai Search Console da Business Profile, ku kuma a ƙara ku a matsayin masu kula. A rubuta aikin da za ku yi kowane wata, shafi nawa, hoto nawa, da ranar sabunta kuɗin masauki. A faɗa masa tun farko cewa bayan babban garambawul gyara yakan ɗauki watanni kafin a ga tasirinsa, wani lokaci sai wani garambawul ɗin ya sake zuwa, kuma ko a lokacin ba tabbas. Rahoton da za ku kai masa a ƙarshen wata ya ƙunshi kira nawa aka yi, saƙo nawa ya shigo WhatsApp, mutum nawa suka nemi kwatancen shago a taswira. Waɗannan Alhaji zai iya gwada su da abin da ya shiga aljihunsa.