Zawarci ba makoki ba ne

Mai sharhin da na karanta a kan wani littafi game da zawarci ya ce littafin ya raina zafin saki saboda ya cika ban dariya, ni kuwa ban yarda ba. Kamata ya yi ya zo kasuwar Garwa a Kamaru ya zauna kusa da zawarawa masu tuyar ƙosai da sayar da atamfa, ya ji irin shaƙiyancin da suke yi wa tsofaffin mazajensu, har hawaye sai ya yi don dariya. Matar da ta aurar da 'ya'ya, ta gama idda, ta ɗauki adashinta ta kama sana'a, me ya rage mata na kuka? Marubuciya Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa a Kamaru, ta riga ta rubuta ɗacin aure har ta ci kyauta a Faransa a 2020, to a bar wata ta rubuta daɗin bayansa mana. Inda littafin ya yi sauƙi shi ne kuɗi: jari ba ya faɗowa daga sama, kuma yawanci bazawara gidan yayanta take komawa, matar gida na harararta. Kai kuma malam da ka rubuta cewa tsohuwa ta haƙura ta zauna, da kai aka kora bayan shekara 30, zaman me za ka yi?